Yadda Muka Sauya wa Babur ɗin Baba Nomau Wuta

Ku da kuka zo gareji a wannan zamani kun tarar da tuwo a dafe, shi ya sa kuke ganin gyaran babur ba wani abu ba ne. Mashin ya ƙi tashi, ku zare filogi, ku ga babu wuta, ku cire ɗan baƙin akwatin nan na CDI ku jefar, a kawo sabo daga shago ku soka, ku buga kik ya tashi. Sai ku goge hannu a wando, kuna tafiya kuna buɗa kafaɗa, ku ma a dole kanikawa ne. Ba na ganin laifinku, haka kuka same ta. Amma ku ajiye wayoyin nan ku ji yadda wutar babur take kafin a kulle ta a cikin akwati.

Aikin farko da maigidana ya yarda na taɓa a Anka, bayan na gaji da wanke ƙarafa a kwanon kananzir, shi ne saita kwantak. Maigidan nawa Ɗanjuma ake ce masa, Allah ya ji ƙansa, mutum ne gajere mai ƙaramar murya da babban hannu. Kwantak kuwa wasu ƙarafa ne guda biyu ƙanana a cikin magineto, suna buɗewa suna rufewa kamar bakin ɗan tsako, kuma a daidai lokacin da suka buɗe ne wuta ke zuwa filogi. In bakin ya buɗe da yawa, matsala. In ya tsuke, matsala. Ba mu da ma'auni na kanti, da kwalin ashana muke gwadawa: ya shiga ya fita yana ɗan gogar ƙarfen, to ya yi. Ranar na goge bakin da samfefa, na saita, na ɗaure, na ce na gama. Ɗanjuma bai ko duba ba, ya ce in hau in buga. Ina bugawa kik ɗin ya dawo ya daki ƙaurina, na yi tsalle da ƙafa ɗaya har bakin titi. Ya bari na gama rawata, sannan ya ce, "To, yanzu ka san abin da aka nuhi da wuta ta zo da wuri. Ba ka mance shi."

Kayan aikinmu a lokacin jaka ɗaya ce ke ɗauke su. Sifanu, sukudireba, filaya, guduma, magagari, da ƙarfen da muke janye magineto da shi. Sai ƙwan fitila ɗaya mai wayoyi biyu, wanda ke nuna mana lokacin da kwantak ya buɗe, da reza da muke auna bawul da ita. Har yanzu magagarin Ɗanjuma yana cikin akwatina, kuma duk wanda na kama yana buɗe kwalbar lemo da shi, ranar zai koma gida da wuri.

Da na samu 'yanci na dawo Bukkuyum na kafa rumfata a bakin tasha. Na ga masu babur iri-iri. Na ga 'yan kabu-kabu masu cewa a yi sauri fasinja na jira, alhali su ne suka yi wata suna jin ƙara suka ƙi zuwa. Na ga malaman makarantar allo masu kawo mashin a wanke tas kamar za a kai shi ɗakin amarya. Da harkar zinare ta buɗe a wajen Dareta, na ga samari suna sayen sabo, taya na sudewa su sake wani. Lokacin ne sababbin mashina masu CDI suka cika ƙasar nan, tsofaffin masu kwantak suka fara komawa bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu.

Sai kuma shekarar nan da ba na son tunawa, wadda ɓarayin daji suka matsa har aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita hawan babur, aka hana sayar da mai a jarka, waya ma ta ɗauke. Gareji ya zama wurin barcin awaki. Da injin markaɗen mata da injin ban ruwan masu albasa a fadama na riƙe gida. Amma zaman banza bai karɓe ni ba. Akwai gawarwakin mashina a bayan rumfa, tsofaffi da sababbi, sai na shiga kwance su ina gwada kayan wannan a jikin wancan, in ga ko za a iya ɗaura wa tsohon inji wutar zamani. Na ɓata da yawa kafin ɗaya ya amsa. Ban san ina shirin aikin da zan fi jin daɗinsa a duk rayuwata ba ne.

Mai aikin shi ne Baba Nomau, mai maganin dabbobi. Kun san shi, dogon tsohon nan mai jan rawani da ke zuwa ranar kasuwa. Tun kafin a haifi babban ɗansa yake zagaya tungaye da rugagen wajen Gwashi a kan babur ɗaya, tsohon ɗan Jafan, da akwatin katako ɗaure a baya cike da sirinji da maganin sammore da na ciwon hanta da gishirin lasa. Injin nan ƙarfe ne na gaske, ba abin da ya same shi. Wutarsa ce ta tsufa. Kwantak na kirki ya ɓace daga kasuwa, na banza ake kawowa, bakinsa na ƙonewa nan da nan. Sai mashin ya riƙa mutuwa a tsakiyar daji, tsoho ya sauka ya kwance magineto a gindin kalgo yana goge-goge. A da wannan abin dariya ne. A yanzu kuwa tsayuwa a dajin nan ba abin wasa ba ce.

Wata safiya, bayan an sassauta dokokin nan, suka zo tare da ɗansa Sanusi, wanda ke aiki a Gusau, kowa fuska a ɗaure. Sanusi ya gaishe ni ya ce, "Malam Mamman, mun yi shawara da ƙannena. Mun ce mu saya mai sabo, ya ƙiya. To ko a gyara wanga gyaran da ba ya ƙara mutuwa da shi cikin daji, ko mu amshe makulli ya zamna gida. Ba mu iya kwana da hwargaba kullum."

Baba Nomau ya harare shi. "Sabon nan roba na. Ban hawan roba. Kuma in na zamna gida, wa ka yi ma shanun mutane allura? Kai?"

Na dubi tsohon, na ga idonsa ya kaɗa. Wanda ya yi shekaru yana shiga ruga ana shimfiɗa masa tabarma ana kawo masa ƙwaryar kindirmo, in ka zaunar da shi a ƙofar gida yana korar ƙuda, ka gama da shi. Na ce su bar mini mashin ɗin.

Gummi na tafi, wurin 'yan gwangwan, na tono injin wani sabon mashin da mota ta take. Na ciro maginetonsa da farantin koyil da ɗan ƙarfen da ke ba CDI labarin lokacin sakin wuta. To a nan aikin yake, ku da kuke cewa sokawa ne kawai. Ramin sabon magineto bai hau kan sandar tsohon inji ba. Sai da na kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya rage, na dawo na shafa man gurza bawul na yi ta murzawa da hannu har suka kama juna babu ko motsi. Sannan alamar da masu ƙera shi suka yi ba ta da amfani, don ba a kan injinsu yake ba. Dole in nemo tawa. Na zare filogi, na zura wayar taya a ramin, ina juya inji a hankali har fistin ya turo ta iyakar sama, na sa ƙusa na ja layi. Na ɗauki magagari na tsawaita ramukan farantin, yadda zan iya gusa shi gaba ko baya.

Bugun farko, wuta ta zo da wuri. Kik ya dawo da ƙarfinsa, amma wannan karon na san halinsa, na janye ƙafa, sai takalmina ya tafi a madadina. Kan rumfa ya sauka, mai shayi ya ɗauko mini da gora yana dariya har da hawaye. Na gusa farantin baya, sai ta zo a makare: inji ya tashi amma a kasalance, bututun hayaƙi ya yi zafi nan take. Na dawo da shi gaba kaɗan, kaurin ƙwayar gero, na sake, na ƙara, har na kai inda na murɗa totur ya amsa mini kafin in gama murɗawa.

Wuta in ta gyaru, sauran jiki ma sai an bi shi. Da can an buɗe wa kafireta mai da yawa don a rufa wa raunin wuta asiri. Na wanke ta, na sauke allurarta, na daidaita iska, ina hawa ina dawowa ina duba bakin filogi. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, inji na jin ƙishi, zai ci kansa. Abin da ake nema shi ne launin ƙuli-ƙuli. Na saita bawul da reza, na sa masa babban faranti na sarƙa a baya saboda yashi, na naɗe akwatin CDI da robar tsohon tif na ɓoye shi can sama a ƙarƙashin sirdi, inda ruwan rafi ba zai kai ba.

Ana cikin haka Sanusi ya aiko da sabuwar salansa daga Gusau, tana walƙiya, don ya faranta wa uban rai. Tsohuwar kuwa duk huji ce da faci, gwangwani a kan gwangwani, an ɗaure da waya. Muka cire ta muka wurga kan tulin ƙarafa, masu sayen gwangwan suka zo suka kwashe.

Ranar da Baba Nomau ya zo karɓa, ya naɗe riga ya gyara tsayuwa zai yi bugun da ya saba, wanda sai ya haɗa gumi. Yana taɓa kik mashin ya tashi, yana wani lallausan kuka kamar mage ta ƙoshi. Tsoho ya tsaya da ƙafa a sama. Ya hau, ya zagaya tasha, ya sake zagayawa, jelar rawani na tashi a bayansa, 'yan kabu-kabu na tafi suna ihu. Da ya tsaya ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Mamman, Allah shi yi ma albarka. Ka maido min da ƙuruciyata." Ranar ban ji yunwa ba sai bayan la'asar.

Kasuwa ta zagayo, sai ga shi. Mashin lafiya lau, mai shi ne ba lafiya ba. Ya kashe, ya sauka, ya zauna a benci ya ɗaure fuska. Da na matsa masa ya ce, "Mamman, mi kay yi min? Duk inda nis shiga, ba kowa."

Ya ce tungar farko ya tarar da tukunya a kan wuta, turmi da taɓarya a yashe, ƙofofi a buɗe, babu ko yaro. Ya yi ta sallama har muryarsa ta dushe. A ruga ma haka, 'yan maruƙa ne kawai a ɗaure suna kallonsa. Sai can wani dattijo ya leƙo daga cikin dawa. Ashe mutanen wajen, tun da zamani ya lalace, da kunne suke tsaron ransu. Sun san kukan kowane babur da ke zuwa musu da alheri, na Baba Nomau kuwa tun daga ƙetaren rafi suke gane shi. In suka ji baƙon kuka, mai santsi mai sauri irin na sababbin mashinan da ɓarayi ke hawa, ba mai tsayawa tambaya, kowa ya suri ɗansa ya faɗa daji. Ranar wata mata ta gurɗe ƙafa tana gudu da goyo. Arɗon rugar ya ce masa, "Nomau, don Allah kak ka ƙara zo muna da wanga. Wata rana 'yan sa kai na jin ka, su harba kahin su ga rawaninka."

Mu duka, ni da Sanusi da masu tafi a tasha, ba wanda wannan ya faɗo wa a rai. Ga mashin da ba ya mutuwa, amma ba shi da inda za shi. Sanusi kuwa da labari ya kai masa ya taho, ya ce to magana ta ƙare, a kawo makulli.

Baba Nomau ya ce in mayar masa da kwantak ɗinsa. Na ce, "Baba, ba kwantak ka kuka ba, salansa ta. Wutar ga ta zamna. Murya za mu nema." Na aika wurin masu gwangwan a nemo tsohuwar salansar, aka ce motar da ta kwashi ƙarafan ta riga ta wuce Kano. Ya rage in ƙera kukan da hannuna. Na ce ya kwatanta mini yadda yake daga nesa. Ya ce, "Ni ina zan sani? Bisa nai nike. Kuma ka san kunnuwan sun yi nauyi." Ni ma da na sha jin sa, a gabana nake jin sa, ba daga nesa ba. Sai Sanusi, wanda ya zo karɓar makulli, ya ce a hankali, "Inna ta sani. Tun yana kwalbatin shigowa gari taka tashi ta dama mai hura."

Bayan la'asar muka hallara a ƙofar gidansu. Na zo da guduma da ƙusoshi da waya da buhun gwangwanaye. Inna Kulu, matar Baba Nomau, tana daga cikin gida bayan katanga, muna jin ta ba ma ganin ta. Da na ɗora ƙusa a kan sabuwar salansar nan na ɗaga guduma, Sanusi ya juya baya ya dafe kai. Na huda. Baba ya hau ya tafi kwalbati ya dawo.

"Wanga na mai kabu-kabu na," in ji Inna Kulu.

Na ƙara huji, na faɗaɗa wani. Ya tafi ya dawo.

"Subhanallahi. Wanga ai injin niƙa na. Kuna son ku kashe min kaji?"

Kafin wani lokaci unguwa ta taru. Mai faci ya ce a huda ta ƙasa, liman ya ce shi a saninsa kukan ya fi haka kauri, wata tsohuwa ta ce duk ƙarya suke yi. Na rufe wani huji da gwangwanin tumatir, Inna ta ce ya yi siriri. Na sa na madara, na ɗaure tam da waya. Baba ya tafi ya dawo, gumi na zuba, amma bakinsa har kunne, don rabon da a taru a kansa haka an daɗe.

"Ya yi kusa," in ji ta. "Amma ina kaɗawar nan ta bayanai? In ya saki mai, akwai wani abu da ka rawa, awa marhin tukunya in ruwa ya tahwasa."

Sai na gane. Tsohon facin ya daɗe da sakin jiki, gefe ɗaya ne ke riƙe, ɗayan yana karkarwa. Ni kuwa hannuna ya saba da ɗaure abu ya ɗauru. Na sa filaya na sassauta waya ta gefe ɗaya, raina na ƙyamar abin da nake yi. Baba ya tafi. Muka ji shi ya juyo daga kwalbati, ya saki mai a kwanar masallaci, gwangwani ya kaɗa. Kowa ya yi tsit yana jiran hukunci daga bayan katanga. Ba ta ce komai ba. Na kira, "Inna, yaya?" Shiru. Sai muka ji ƙarar ludayi a cikin ƙwarya. Can ta leƙo zaure da fura a hannu, ta ga taron jama'a, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. "Wallahi ban san sa'ad da hannuna yat tahi ga ƙwarya ba."

Sanusi ya ce bai yarda ba tukuna, kunnen Inna daban, na mutanen daji daban. Sharaɗinsa shi ne in raka tsohon zuwa wajen Gwashi in gani da idona. Da safe na hau bayansa, na zauna a kan akwatin magani. Mashin ya ratsa yashin da a da sai an sauka an tura, ya hau gangaren rafi bai yi ko tari ba. Muna fitowa daga ruwa na hango rugar, mata na shanya ƙore a kan karaga. Na ga kawunansu sun ɗago gaba ɗaya. Wata ta suri yaro ta saɓa a kafaɗa. Na riƙe rigar Baba. Shi kuwa ya saki mai, gwangwani ya kaɗa. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Mai yaron ta sauke shi ƙasa. Sai ga karnuka suna kaɗa wutsiya, ga yara a guje, wannan karon wajenmu suka nufo.

Tsohuwar ta tarye mu tana tafa hannu. "Jabbama, Nomau! Mun gane kukan mashin ɗinka. Amma mi as same ka yau? Da in mun ji ka, muna kama saniya mu ɗaure, mu share wuri, kahin ka iso. Yau ga ka, ko igiya ba mu ɗauko ba."

Baba Nomau ya kafe mashin, ya nuna ni da haɓa. "Ku tambayi wanga, shi yaj ja muku." Ya kwance akwatinsa ya fara fito da sirinji, ni kuwa aka ajiye mini kindirmon da sai da na kwance maɓallin wando.

Makulli yana hannunsa har yau, kuma mashin bai sake tsayawa da shi a daji ba. Ranar kasuwa zai kawo shi a sauya baƙin mai. Ku sauya, ku duba filogi, ku ja sarƙa, ku sa iska. Za ku ga wani gwangwanin madara a jikin salansa yana lilo, hannunku zai yi ƙaiƙayi. Duk wanda ya ɗaure shi, shi zai je Gwashi a ƙafa ya ba mutane haƙuri.